Zazzaɓi, jan ido da zawo a gida ɗaya: a dakata da sayen kafso

Iyaye mata a Wudil sun san wannan yanayi. Yaro ya wayi gari da zazzaɓi, maƙogwaro na ciwo, hanci na yoyo. Bayan kwana biyu ido ya kaɗa ya yi ja yana kwantsa, ƙaninsa kuma ya kama zawo, uban gida ya fara tari. Sai a ɗauka cututtuka uku ne suka shigo gidan, a aika kemis a haɗo magani kala-kala. Alhali sau da yawa ƙwayar cuta ɗaya ce, wadda likitoci ke kira adenobairos.

Wallace Rowe da abokan aikinsa ne suka gano ta a Amurka a 1953. Nau'o'inta sun haura 50, kuma kowanne da inda ya fi so a jiki. Nau'i na 40 da 41 hanjin ƙananan yara suke kamawa, na 3 da 4 da 7 hanyoyin numfashi, na 8 da 37 kuwa ido. Shi ya sa wanda ya yi bara zai iya maimaitawa bana. Annobar Apolo ta farko da ta ɓarke a Ghana a 1969 wata ƙwayar ce daban ta haddasa ta, amma adenobairos na cikin manyan masu jawo jan idon da muke kira da wannan suna.

Ƙwayar tana da naci. Takan yi makonni a raye a kan marfin ƙofa, buta ko tawul, kuma man goge hannu mai sinadarin barasa bai cika kashe ta ba. Tana bin tari da atishawa, da hannun da ya murza ido, da bayan gida, da ruwan da ya gurɓata. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu yakan ɗauki kwana 2 zuwa 14. Cunkoso ne abincinta, har ta kai Amurka na yi wa sababbin sojojinta rigakafin nau'i na 4 da 7, wanda ba a ba sauran jama'a. A Wudil, garin da ke da ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Aliko Dangote da Makarantar 'Yan Sanda, ga tsangayu, ga musabahar kasuwar Juma'a, ga yara masu wanka a kogi, hanyoyinta ba su da wuyar samuwa.

Amoxil ko Septrin ko kafson da ake haɗiya kamar gyaɗa ba sa taɓa wannan ƙwaya, domin an yi su ne don bakteriya. Asarar kuɗi ce, wani lokaci su ƙara zawon, kuma ranar da ake buƙatarsu da gaske sai a tarar ba sa ci. Abin da ya dace a fara yi wa mai zazzaɓi shi ne gwajin maleriya. Idan babu ita, a ba da farasitamol daidai nauyin yaro, ban da asfirin. Zazzaɓin adenobairos yakan kai kwana biyar ko fiye, to a sa haƙuri, a kuma sa ido.

Mai zawo ruwa yake nema. A zuba ƙullin gishiri da sukari na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, tare da zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba. Kada a yanke nono ko abinci.

A wajen ido aka fi yin ɓarna. Ruwan sukari, nono, fitsari ko ruwan albasa duk ba magani ba ne, kuma fitsari na iya kai ƙwayar ciwon sanyi cikin ido ta makantar. Haka maganin ɗiga mai sitiroyid, kada a saya sai likita ya duba. A goge kwantsa da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, a ɗora ƙyalle mai sanyi. Kowa da tawul ɗinsa da matashinsa, a daina karɓa-karɓar kwalli, a wanke hannu da sabulu, a goge wurare da ruwan bilic. Mai jan ido ya zauna a gida har ruwan idon ya tsaya.

Yawancin masu ita suna warkewa da kansu cikin mako ɗaya ko biyu. Amma jarirai, tsofaffi, masu asma, yara masu tamowa da masu raunin garkuwar jiki tana iya sauka musu a huhu ta zama nimoniya. A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance: sau 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar haɗari ce. Haka idan haƙarƙari na lotsawa, ko ya ƙi nono, ko idanu sun zurma, ko fitsari ya ɗauke, ko ya yi jijjiga, ko farin ido ya koma rawaya. Babba kuma idan gani ya dushe ko haske na sukar idonsa. A irin wannan hali a wuce Babban Asibitin Wudil ko da dare ne, in ya fi ƙarfinsu za su tura Kano.