Jiri da Makuwa: Yadda Kunnen Ciki Ke Riƙe wa Ɓera Alƙibla

Tsakure

Maƙalar ta duba alaƙar da ke tsakanin gaɓar daidaito da ke cikin kunne da sanin alƙibla a wajen dangin ɓera, bisa gwaje-gwajen da aka gudanar daga 1971 zuwa 2015. An ɗauki gafiya, wadda aka sani a Yalwawa ta Dutse, a matsayin misali. An nuna cewa bambancin da Hausa ta yi tsakanin jiri da makuwa ya dace da abin da binciken ƙwaƙwalwa ya gano, don haka kalmomin biyu sun cancanci zama keɓaɓɓun kalmomi na wannan fage.

1.0 Gabatarwa

Manomin Yalwawa da ke ajiye gero da gyaɗa ya san halin gafiya. Da dare take fita daga raminta, ta ratsa duwatsu da shingaye har ta kai ga abinci, ta cika kumatunta, sannan ta koma. Daga wannan ɗabi'a ce aka sami karin maganar nan, "gafiya tsira da na bakinki". Sai dai tsira ba ta yiwuwa sai da sanin hanyar gida. Masana na Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun yi nazarin ƙirar ƙwaƙwalwar gafiya, sun kuma nuna girman sashen shaƙar ƙamshi a cikinta. Hanci kuwa yana bayyana abin da ke kusa ne. Tambayar da ta rage ita ce: me ke sanar da dabba inda ta sa gaba a cikin duhu? Amsar ta fito ne daga gwaje-gwaje a kan ɓerayen ɗakin bincike, waɗanda dangi ne ga gafiya.

2.0 Gaɓar Daidaito

A can cikin kowane kunne akwai bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, kowanne yana kwance ta fuska daban. Idan kai ya juya, ruwan yakan ɗan yi jinkirin bin juyin, sai ya tanƙwara wasu ƙwayoyi masu siririn gashi, su kuma su aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Kusa da bututun akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam, waɗanda ke auna karkatar kai da tafiya a miƙe. Ke nan bututun ba su san gabas ko yamma ba. Abin da suke bayarwa shi ne saurin juyin kai da ɓangaren da ya juya, dama ko hagu.

3.0 Ƙwayoyin Alƙibla

A 1971 John O'Keefe da Jonathan Dostrovsky suka gano a Landan wasu ƙwayoyi a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, waɗanda ba sa aiki sai ɓera ya iso wani wuri takamaimai. A 1984 kuma James Ranck, a birnin New York na Amurka, ya gano wasu ƙwayoyin na daban da ke aiki idan kan ɓera ya fuskanci wata nahiya guda, ko a ina yake tsaye. Jeffrey Taube da Robert Muller da Ranck sun yi cikakken bayaninsu a 1990. Kowace ƙwaya tana da nahiyar da ta fi so, kuma idan an haɗa su sai su zagaye da'ira baki ɗaya. Waɗannan su ne za a kira ƙwayoyin alƙibla.

Saƙon kunne yana bi ta gindin ƙwaƙwalwa, ya hau zuwa sashen talamas, sannan ya isa yankunan da ke kewaye da hifokamfas. A kan wannan hanya ne ake tara juye-juyen kai ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda mai awo ke tara mudu har ya san abin da ke cikin buhu. Daga jimillar juyin ne alƙibla take fitowa.

4.0 Hujjojin Gwaji

Hujja ta farko ta ɗabi'a ce. A 1980 masana biyu 'yan ƙasar Jamus masu suna Mittelstaedt suka sa uwar wani ɓeran hamada ta ɗauko ɗanta daga tsakiyar fili a cikin duhu. Idan an juya dandamalin da take kai da sauri, sai ta gyara lissafi ta nufi sheƙarta daidai. Idan kuwa an juya shi sannu a hankali, yadda kunne ba zai ji ba, sai ta kauce gwargwadon juyin da aka yi mata.

Hujja ta biyu daga cikin ƙwaƙwalwa take. A 1997 Robert Stackman da Taube suka lalata gaɓar daidaito ta ɓeraye da sinadari. Ƙwayoyin talamas suka daina nuna nahiya, alhali idanun ɓerayen lafiya lau, suna kuma ganin alamomin ɗakin. A 2009 Ryan Yoder da Taube suka nuna cewa ɓerayen da aka haifa ba su da tsakuwoyin kunne suna da saƙon alƙibla, amma mai rauni, marar tsayawa wuri ɗaya. A 2015 kuma aka nuna cewa lalata hanyar ƙwayoyin alƙibla na dagula ƙwayoyin awon fili, waɗanda May-Britt Moser da Edvard Moser suka gano a Norway a 2005, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel ta 2014 tare da O'Keefe.

Ido ma yana da nasa rabon. Idan aka matsar da farin kwalin da ke jikin bangon ɗakin gwaji da digiri 90 ba da sanin ɓera ba, ƙwayoyin sukan juya da kusan wannan adadi. A cikin duhu kuwa kuskure yakan taru a hankali. Saboda haka kunne ne ke samar da saƙon, ido kuma yana ɗaure shi da alamomin waje.

5.0 Jiri da Makuwa

Hausa ta ware yanayi biyu. Jiri, ko juwa, ko hajijiya, shi ne mutum ya ji duniya na juyawa, ƙafa ta kasa tsayawa. Yaron da ya yi ta juyi sannan ya tsaya cak yana jin haka ne domin ruwan bututun bai gama lafawa ba. Makuwa kuwa ita ce mutum ya tsaya daram, hankalinsa na jikinsa, amma ya ɗauki kudu a matsayin gabas. Baƙon da ya yi barci a mota daga Kano, ya sauka Dutse da dare, yana iya shimfiɗa darduma ya fuskanci wata nahiya da cikakken yaƙini, sai mai masauki ya gyara masa.

Bisa gwaje-gwajen da suka gabata, jiri rikicewar saƙo ne tun daga tushe. Makuwa kuma ta yi daidai da halin uwar ɓeran da aka juya a hankali: lissafi yana tafiya, amma an ɗora shi a kan mafari marar daidai. Shi ya sa hango wani sanannen dutse ko hasumiyar masallaci kan warware makuwa nan take, amma ba ya kawar da jiri.

Tushen nasu dai ɗaya ne, kuma abin ya shafi ɗan'adam. A 2005 Thomas Brandt da abokan aikinsa a birnin Munich suka bayar da rahoton cewa marasa lafiyar da suka rasa gaɓar daidaito a kunnuwa biyu sun sami raguwar hifokamfas da kusan kashi 17 cikin ɗari, tare da raunin tuna wurare.

6.0 Kammalawa

An ga cewa sanin alƙibla a wajen dangin ɓera lissafi ne da ke farawa daga kunnen ciki, ido da sauran gaɓoɓi suna gyara shi. Darasin ga manazarta Hausa shi ne, kafin a ari kalma ya kamata a fara bincika rumbun harshen. Mai fassarar littafin kimiyya ko tafinta a asibiti da ya haɗe jiri da makuwa a kalma ɗaya ya shafe bambancin da likita ke buƙata wajen gane ciwo. Ya dace sassan Hausa su tattara yadda ake amfani da waɗannan kalmomi a kare-karen harshen, tun daga Sakkwatanci har zuwa Hausar Dutse da Haɗeja, domin a daidaita ma'anarsu a ƙamus na kimiyya.