Dalilan Ɗaukewar Amfilifaya Idan Kiɗa Ya Yi Zafi

Gabatarwa

Tun daga shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shigo waƙoƙin finafinan Hausa a birnin Kano, wannan na'ura ta bazu har ƙauyuka. A ƙasar Ƙaraye da Rogo, musamman bayan kaka da bukukuwa kan yawaita, mai fiyano kan zauna gefen masu ganga da kalangu, yana dogara ga amfilifaya, watau akwatin da ke ƙarfafa sauti kafin ya isa lasifika. Matsalar da ta addabi makaɗan ita ce, akwatin kan yi aiki lafiya lau a ɗaki, amma da zarar fili ya cika, sai ya yi tsit. Asarar ba ƙarama ba ce: liƙi ya tsaya, uwar biki ta ɓata rai, gobe a kira wani. Wannan maƙala za ta bayyana dalilai huɗu na ɗaukewar, da yadda ake rarrabe su.

Dalili na farko: zafi

A cikin amfilifaya akwai tiransistoci, waɗanda su ne ke sarrafa wutar da ke zuwa lasifika. A tsofaffin samfura, kusan rabin wutar da akwatin ya sha zafi take komawa, ba sauti ba. Yawancin tiransistoci kan lalace idan zafin cikinsu ya haura digiri 150 a ma'aunin Salshiyos, don haka masu ƙira kan sa wata 'yar na'ura mai yanke wuta tun kafin a kai nan. Haka jikin ɗan'adam yake: yana tsare zafinsa a wajen digiri 37, idan aiki ya tsananta ya yi gumi, idan gumin ya kasa sai gajiya ta tilasta wa manomi neman inuwa. Ke nan ɗaukewar kariya ce, ba cuta ba. Alamarta ita ce akwatin ya yi aiki na wani lokaci, ya mutu, ya farfaɗo da kansa bayan ya huce. Zafin bazara, wanda kan kai digiri 40, da ƙurar hunturu mai toshe kafofin iska, su ne ke gaggauta ta. Magani shi ne a kakkaɓe ƙurar, a janye akwatin daga jikin bango da rana, a kunna masa fanka.

Dalili na biyu: yawan lasifika

Kowace lasifika tana da tirjiyar da take yi wa wuta, wadda ake aunawa da om, sunan masanin nan Bajamushe Georg Ohm da ya bayyana ƙa'idar a 1827. Ƙa'idar ta nuna cewa idan tirjiya ta ragu da rabi, wutar da ke gudana sai ta ninka. Alal misali, idan amfilifaya ta tura bolt 20 cikin lasifika mai om 8, amfiya 2.5 za ta gudana. Idan aka jona irinta biyu kafaɗa da kafaɗa, tirjiyar ta koma om 4, wutar ta zama amfiya 5. Idan huɗu ne, om 2 ke nan, amfiya 10. Wannan tamkar a labta wa jaki ɗaya mangalar jakai huɗu ne. Alamar ita ce ɗaukewa nan take idan an danna maɓallai masu kaurin amo, domin su suka fi jan wuta. A bayan akwatin an rubuta mafi ƙarancin om da zai iya ɗauka, kuma bai kamata a yi ƙasa da shi ba.

Dalili na uku: raunin wuta

Akasarin kayan sautin da ake sayarwa a Nijeriya an ƙera su ne don wuta mai bolt 220 zuwa 240. A filin biki kuwa, galibi ƙaramin janareto ne ke ɗauke da fitilu da fankoki da kayan kiɗa gaba ɗaya, ta doguwar waya siririya. Idan amo ya yi ƙarfi, akwatin kan fizgi wuta, ƙarfinta ya faɗi, sai ya kashe kansa. Shaidar a fili take: ƙwan fitila zai riƙa dishewa daidai da bugun kiɗan, muryar janareto kuma ta sauya. A nan sai a rage wa injin kaya, a yi amfani da gajeriyar waya mai kauri.

Dalili na huɗu: jijjiga

Kayan da ake ɗaurawa a bayan babur a bi hanyar burji suna shan girgiza, amon lasifika kuma ya ƙara tasa. A hankali dalmar da ta liƙe wayoyin ciki kan tsage, bakin soket ya saki ko ya yi datti. Alamar ita ce ƙarar ƙaf-ƙaf, da dawowar sauti idan an motsa waya ko an ɗan bugi akwatin. Canza waya aikin kowa ne, amma buɗe akwati sai mai gyara, domin wasu sassansa kan riƙe wuta ko bayan an zare shi. Haka kuma, maye gurbin fis da guntuwar waya ko takardar sigari ganganci ne mai jawo gobara.

Hanyar bincike

Ƙa'idar ɗakin gwaje-gwaje ita ce a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. A fara da waya, sai wuta, sai a rage lasifika zuwa ɗaya, sannan a lura da tsawon lokacin da akwatin ke ɗauka kafin ya mutu. Wanda ya sauya komai a lokaci guda, ko ya dace, bai san abin da ya gyara ba.

Kammalawa

Tushen matsalar sau da yawa shi ne mai fiyano ba ya jin kansa cikin ganguna, sai ya yi ta murɗa maɓallin ƙara. Amma ninka ƙarfin amfilifaya desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kamar sau goma kafin kunne ya ji amon ya ninka. Ɗora lasifika a kan kujera, daidai kunnen makaɗin, ya fi wannan amfani.

Akwai kuma abin lura. A cikin kowane kunne akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, waɗanda ke mayar da amo saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade awa 8 ga amo mai desibel 85, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, har ya zama minti 15 a desibel 100. Amfilifaya tana kashe kanta ta huta, tiransiston da ya ƙone kuma ana sayen wani a kasuwa. Ƙwayoyin kunnen ɗan'adam kuwa, idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Saboda haka, makaɗin da kunnensa ke shuuu bayan an tashi daga wasa, ya kamata ya rage amo tun kafin akwatin ya rage masa.