Darasi: Bin Diddigin Karatun 'Ya'yanmu

Darasinmu na wannan fitowa kan horon da ake ba jami'an ilimi da 'yan kwamitin makaranta ne, wato sa ido da auna sakamako.

Abu biyu ne daban. Sa ido aikin kullum ne: malam ya zo? Yara nawa ke aji yau? Littattafan da aka turo sun shiga hannunsu? Auna sakamako kuwa sai ƙarshen zango: shin 'yar aji uku na iya karanta jimla guda da Hausa?

Tun 2004 doka ta wajabta karatun shekara 9 kyauta. Amma a Disamban 2020 an sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, kuma rashin tsaro ya tayar da iyalai da dama a Faskari da Sabuwa. Sai ki ga suna na rajista, mai sunan tana wani gari tana talla. Shi ya sa mai horo ba ya dogara da rajista, kawuna yake ƙirgawa.

Wannan aiki ba na maza kaɗai ba ne. Shirin GEP3 na UNICEF, daga 2012 zuwa 2022, ya yi aiki da ƙungiyoyin iyaye mata a Jihar Katsina.

Aikin gida: kowace Juma'a ki buɗe littafin 'yarki, ki duba kwanan wata da jan biron malam. In babu na mako biyu, ki sanar da kwamitin makaranta. Allah Ya sa mu dace, amin.