Kyanwa da Akwatin Talabijin: Gani ko Kallo?

A Hausa, gani daban, kallo daban. Gani aikin ido ne kurum, shi kuwa kallo sai an haɗa da hankali. To, kyanwar da ta zuba wa talabijin ido, wanne take yi?

A shekarar 2008, Sarah Ellis da Deborah Wells na Jami'ar Queen's da ke Belfast sun nazarci kyanwowi 125 a wani gidan adana dabbobi. Sun tarar kimanin kashi 6 cikin ɗari na lokacinsu kawai suke duban akwatin, kuma hankalinsu ya fi karkata ga abu mai motsi, musamman tsuntsaye da ɓeraye da kifaye. Da tafiya ta yi nisa sai sha'awar ta ragu. Ba abin mamaki ba ne, domin ɓeran allo ba ya wari, ba ya kuma kamuwa.

Ashe ke nan farauta ce ke jan ta, ba labari ba. Saboda haka kalmar da ta fi dacewa da ita a nan ita ce haƙo.

Aiki: A gina jimloli uku da gani, kallo da haƙo.