Amsoshin Tambayoyinku: Ko Ƙanƙarar Teku Tana da Gishiri?

Wani mai sauraro daga Kibiya ya tambaya ko ƙanƙarar teku tana da gishiri. Tana da shi, sai dai bai kai na ruwan ba, domin idan ruwan teku ya fara daskarewa, wajen digiri 1.8 ƙasa da sifiri, ƙanƙarar takan ture gishirin, ya taru a wasu mitsi-mitsin ramuka na ruwa mai zartsi waɗanda akasari sai da madubin likita ake ganinsu, daga nan ya riƙa tsiyayewa har tsohuwar ƙanƙara ta shawu idan an narkar. Kumfar iska ma takan maƙale ciki, ita ce kuwa farin nan na tsakiyar ƙanƙarar da ake sayarwa a Rano lokacin azumi.