Ɗalibin Hausa A Gaban Masu Intabiyu

Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu zan yi ƙoƙarin jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda Hausa ba harshensu na uwa ba ne kamar ni, a kan yadda za mu shirya wa intabiyun neman aiki. Dalilin rubutun shi ne abin da ya faru da ni lokacin hutu, da na nemi aikin fassara na wucin gadi a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Mutum uku ne suka yi mini tambayoyi, ɗaya daga cikinsu mace. Da na tashi ba ta amsa sai na ce, “Kamar yadda ka faɗa.” Ta yi murmushi, ta rubuta wani abu a takarda. Ban sami aikin ba, amma na gane cewa mai neman aiki da Hausa, bakinsa ake fara dubawa kafin takardunsa.

Jinsi

Harshena na uwa, wato Yarbanci, ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna. Hausa kuwa tana bambantawa: kai da ke, ka da ki, ya da ta. A aji mun san wannan ƙa'ida sarai, amma idan gaba ya faɗi sai harshe ya koma gida. Maganin abin shi ne yawan magana da Hausawa maza da mata. Wanda yake Ibadan ya riƙa leƙa Sabo, wanda yake Legas ya leƙa Agege, ya yi ciniki, ya yi hira, ya kuma roƙi a gyara masa.

Gaisuwa Da Ladabi

Kada a fara da zancen aiki. A yi sallama, a gaida kowa, a jira sai an ba da izinin zama. A kira namiji “Malam”, mace kuma “Malama”. Ana iya amfani da “ku” ga babba ko da shi kaɗai ne, kamar yadda muke yi a Yarbanci. Amma idan an tambaye ka abin da ka iya, ka ɗaga murya ka faɗa dalla-dalla, domin kunya ba ta ba da aiki.

Ƙa'idojin Rubutu

A ranar an ba ni labari na fassara cikin minti 10. Saboda sauri sai na bar haruffa masu lanƙwasa, alhali kuwa “kafa” daban, “ƙafa” daban, haka ma “gaba” da “gaɓa”, ko “baki” da “baƙi”. A kula kuma da haɗa kalmomi da raba su. Ana rubuta “yana” a haɗe. Akwai kuma bambanci tsakanin “a kan tebur” da “akan yi ruwa a Agusta”. Kafin ranar, a riƙa fassara labari ɗaya kullum ana duba agogo, sannan a tabbatar da kalmomin a ƙamusun Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Sanin Wurin Aiki

In gidan rediyo ne, a saurari shirye-shiryensa na mako guda. A kuma saurari sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki tun 1957, don jin yadda ake sarrafa kalmomin siyasa da tattalin arziki. In makaranta ce, a duba manhajar ajin da za a koyar. A haɗa takardun shaida, na asali da kwafi, tun daren ranar, a kuma isa wurin da rabin awa kafin lokaci.

Tambayar Da Ba Ta Wuce Mu

Kusan tabbas za a tambaya, “Me ya sa ka karanta Hausa?” Kada a ce don ba a sami wani kwas ba ne. Ni yanzu amsata ita ce: na koyi Hausa daga tushe, don haka na san inda mai koyo yake tuntuɓe, kuma ina iya aiki da harsuna uku.

Kammalawa

Masu iya magana na cewa shirin zaune ya fi na tsaye. Ina ba da shawara mu riƙa yi wa junanmu intabiyun gwaji da Hausa zalla kafin mu kammala karatu. Gara abokinka ya yi maka dariya a aji da a yi maka murmushi irin wanda aka yi mini.