Awon Ɗaɗɗoya: Cokali da Sikeli

A arewacin ƙasar Kano, wajen Bichi da Dambatta, gonaki sun haɗe da juna, da wuya ka ga filin da ba a nome ba. Ko bayan ɗaki ma ba a barinsa a banza. A nan mata kan shuka kuɓewa da yakuwa da ɗaɗɗoya. Ita ɗaɗɗoya tsiro ce mai ƙanshi, ana sa ganyenta a miya da farfesu. Da damina akan tsinko shi ɗanye, da kaka kuwa sai a shanya a inuwa, a ajiye saboda rani.

To, yara, awo iri biyu ne. Akwai awon cika, wanda ake yi da mudu ko gwangwani ko cokali. Akwai kuma awon nauyi, wanda ake yi da sikeli, a ƙidaya da giram da kilo. Giram 1,000 shi ne kilo 1. Mudu ba ya faɗin nauyi, iyakarsa ya nuna wurin da abu ya cika. Kowa ya san mudun gero ya fi mudun dusa nauyi, alhali kuwa mudun ɗaya ne.

Haka abin yake ga cokali. Cokalin shayi na ruwa giram 5 ne, na gishiri wajen giram 6, amma na busasshiyar ɗaɗɗoya bai kai ko giram 1 ba. Babban cokali yana cin cokalin shayi 3, ganyen da zai cika shi kuwa wajen giram 2 ne. In aka daka ganyen nan ya zama gari, babban cokali sai ya ɗauki wajen giram 4. Me ya sa? Domin akwai iska tsakanin ganye da ganye, daka kuwa yana korar ta.

Ɗanyen ganye kuma dabam yake. Kashi 9 cikin 10 na nauyinsa ruwa ne. In ya bushe sai ya ƙanƙance, ƙanshinsa ya taru a wuri kaɗan. Saboda haka masu girki kan sa cokali 1 na busasshe a madadin cokali 3 na ɗanye.

Ga misali. An ce wa yarinya ta sa giram 6 na busasshiyar ɗaɗɗoya a tukunya, ga shi babu sikeli a gidan. In ganye ne, sai ta auna babban cokali 3. In gari ne, cokali 1 da rabi ya isa. In ta manta ta zuba cokali 3 na gari, ta ninka ke nan, ƙanshi ya danne daddawa, miya ta ɓaci, an yi hasarar cefane.

A kasuwa ma wannan kan jawo gardama. Mai sayarwa ya zuba ganye sakwa-sakwa, mai saye ya ce sai an danna. Sikeli ne mai raba su. Addini kuwa ya hana tauye mudu. Saboda haka, kafin ku auna, ku duba: ɗanye ne, ko busasshe, ko gari?

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin awon cika da awon nauyi?
2. Don me gari ya fi ganye nauyi a cokali?
3. Babban cokali nawa na busasshen ganye zai ba da giram 10?